Daga Juyin Mulkin 1966 Zuwa Korar Baƙi ta 1969: Hannun CIA a Gana da Abin da Ya Jawo wa Mutanen Zongo

Tsakure

Wannan takarda tana bin diddigin abin da ya haɗa kifar da gwamnatin Kwame Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966 da dokar korar baƙi ta 18 ga Nuwamba 1969, tana duban lamarin daga unguwannin Zongo na Akra, musamman Nima da Maamobi. Ta dogara ga takardun gwamnatin Amurka da aka fitar daga asiri, da shaidar wani tsohon jami'in CIA, da dokokin Gana da ƙidayar jama'arta. Matsayinta shi ne juyin mulkin ya kawar da siyasar da ta kange mazauna Zongo daga dokokin zama ɗan ƙasa, dokokin da tun farko ba a rubuta su da su a rai ba.

Gabatarwa



Da asubahin Alhamis 24 ga Fabrairu 1966, kwana arba'in cif bayan juyin mulkin da ya ci ran Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Nijeriya, sojojin Kanar Emmanuel Kotoka da Manjo Akwasi Afrifa suka auka wa fadar Flagstaff da gidan rediyon ƙasa a Akra. Shugaban 'yan sanda J.W.K. Harlley yana tare da su. Nkrumah ya bar gida tun 21 ga wata, yana kan hanyar Hanoi don neman sulhu a yaƙin Biyetnam, sai da ya sauka a Bejin aka faɗa masa. An kashe Manjo Janar Charles Barwah da ya ƙi ba da kai, dakarun fadar shugaban ƙasa suka yi turjiya na wasu sa'o'i, kafin rana ta faɗi an gama. Wanda ya san Akra ya san cewa daga Flagstaff zuwa Nima tafiyar ƙafa ce, unguwar Kanda ce kawai a tsakani.

Rubuce-rubucen da aka yi a kan wannan rana sun fi karkata ga tambaya ɗaya: CIA ce ta kitsa, ko sojojin Gana ne suka yi abinsu? Zan taɓa wannan, domin ba a tsallake ta. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya a kan mahauci da ɗan dako da mai gadi da mai tallar koko da ƙosai, mutanen da sunansu bai fito a ko ɗaya daga cikin wasiƙun da suka yi ta kai-komo tsakanin Akra da Washinton ba.

Abin da takardun suka tabbatar

A 1999 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta buga kundin takardunta na Afirka na shekarun 1964 zuwa 1968. Tun watan Fabrairu 1964 akwai takardar William Trimble, shugaban sashen Afirka ta Yamma a ma'aikatar, wadda ta ba da shawarar a ƙara ƙaimi wajen farfaganda da sauran hanyoyin rage wa Nkrumah goyon baya a cikin Gana. Ranar 11 ga Maris 1965 jakadan Amurka a Akra, William Mahoney, ya zauna da shugaban CIA John McCone. Bayanin zaman ya nuna jakadan ya ambaci sunayen masu shirin, Harlley da Janar Otu da Janar Ankrah, ya yi hasashen Nkrumah ba zai ƙara shekara a kan mulki ba, ya kuma goyi bayan a ƙi ba shi tallafin da yake nema don tattalin arzikin ya ƙara tsukewa. Ranar 27 ga Mayu 1965 Robert Komer na Majalisar Tsaron Ƙasa ya rubuta wa McGeorge Bundy, mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, cewa masu shirin suna sanar da su halin da ake ciki, kuma ko da yake an ce masa ba su da hannu kai tsaye, su da sauran ƙasashen Yamma suna share fage ta hanyar toshe kunne ga kiran Nkrumah na neman agaji. Bayan an yi juyin, Komer ɗin ya rubuta wa Shugaba Johnson ranar 12 ga Maris 1966 yana kwatanta abin da garaɓasar da ta faɗo, yana cewa a gaggauta tallafa wa sababbin masu mulki.

Shaida ta biyu ta fito a 1978. John Stockwell, wanda ya jagoranci aikin CIA a Angola kafin ya ajiye aiki, ya rubuta a littafinsa In Search of Enemies cewa an ba ofishin hukumar na Akra kuɗi masu kauri da izinin ci gaba da hulɗa da hafsoshin da ke shirin, kuma a cikin hukumar ofishin aka ba tukuicin nasarar. A watan Mayun wannan shekara Seymour Hersh ya buga rahoto makamancin wannan a jaridar New York Times. Shugaban ofishin a lokacin juyin shi ne Howard Bane.

Ya kamata mu tsaya inda hujja ta tsaya. Abin da ya faru a Gana bai kai na Iran a 1953 ko na Gwatamala a 1954 ba, inda CIA da kanta ta tsara, ta biya, ta ja ragamar kifar da Musaddiƙ da Arbenz. Hafsoshin Gana suna da nasu ƙorafi: Nkrumah ya yi wa Otu da Ankrah ritayar dole a tsakiyar 1965, ya fifita dakarun fadarsa waɗanda Tarayyar Sobiyet ta horar, ana kuma raɗe-raɗin zai tura sojoji yaƙi Rodeshiya. Abin da takardun suka nuna shi ne babbar ƙasa ta san ana shirin kifar da gwamnatin da take da jakada a wurinta, ta san sunayen masu shirin kusan shekara guda kafin a yi, ta matse bakin aljihun gwamnatin da gangan a daidai lokacin da farashin koko ya faɗi warwas a 1965, sannan ta buɗe aljihun da zarar sojoji sun hau. A ganina wannan ya isa a kira shi sa hannu. Ya ma fi irin na Gwatamala wuyar kamawa, domin kowane mataki a cikinsa ana iya kiransa harkar diflomasiyya ta yau da kullum.

Nkrumah da Zongo

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Nkrumah ya ci zaɓe a 1951 da 1954 da 1956, ya ci na shugaban ƙasa a 1960, wannan babu ja. Amma dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958 tasa ce, a ƙarƙashinta ɗan adawa J.B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a Fabrairu 1965. Ƙuri'ar raba gardama ta 1964 ta mayar da Gana ƙasar jam'iyya ɗaya, a 1965 kuma 'yan majalisa 198 suka shiga ba tare da an jefa ƙuri'a ba. Wanda zai kira gwamnatin da aka kifar zaɓaɓɓiya sai ya haɗa da wannan bayani.

Mutanen Zongo sun ɗanɗani wannan fuska tasa kafin kowa. Sun daɗe a ƙasar. Fataucin goro ya kai Hausawa Gwanja da kasuwar Salaga ƙarnuka kafin Turawa su shata iyaka, wasu kuma sun zo cikin dakarun Baturen Ingila Glover a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, har Hausa ta zama harshen bariki. Malam Bako ya kafa Sabon Zongo a farkon ƙarni na ashirin. Nima ta taso a shekarun 1930 a filin da Malam Amadu Futa ya samu daga gidan Odoi Kwao na Osu, ta cika ta batse lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa da tsofaffin sojoji da masu yi wa barikoki hidima: Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, Fulani, Kotokoli, Wangarawa, Yarabawa, da 'yan arewacin Gana kanta irin su Dagomba da Frafra. Da siyasar neman 'yanci ta kankama, wani sashe na shugabanninsu ya kafa jam'iyyar Musulmi ta MAP a 1954, ta haɗa kai da masu adawa da CPP, jam'iyyar Nkrumah. Wata biyar bayan samun 'yanci, a 1957, gwamnati ta ba da umarnin fitar da Alhaji Amadu Baba, jagoran Zongon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan, wanda takardun hukuma ke rubutawa Othman Larden. Suka kai ƙara kotu cewa su haifaffun ƙasar ne. Shari'a tana tafiya majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, aka sa su a jirgi zuwa Nijeriya. A Disamban shekarar aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila. Kafin nan MAP ta riga ta narke cikin jam'iyyar United Party, wadda Dakta Kofi Busia ke jagoranta. A riƙe wannan suna.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ba ta wadatu da haihuwa a Gana ba, sai an haɗa da asalin iyaye a ƙasar. Dokar baƙi ta 1963 kuma ta wajabta wa duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya mallaki takardar izinin zama. Ƙidayar 1960 ta lissafa mutum kusan 827,000 a matsayin masu asalin waje, kashi 12 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, kuma da yawansu a Gana aka yanke musu cibi. Makamin da aka sare su da shi a 1969, ke nan, gwamnatin Nkrumah ce ta ƙera shi.

To me ya hana ta amfani da shi a kan talakawa? Siyasarta. Mutumin da ya tara 'yan gwagwarmayar Afirka a Akra a Disamba 1958, ya rubuta a kundin tsarin mulkin 1960 cewa Gana a shirye take ta sallama ikonta don haɗin kan Afirka, ba zai iya cika motoci da 'yan Nijar da 'yan Nijeriya ya zubar a iyaka ba tare da ya ƙaryata kansa a idon duniya ba. Ya kori mutum ɗaiɗai da suka yi masa adawa, bai kori jama'a ba. Kuma ayyukan da ya tasa, madatsar Akosombo da tashar jirgin ruwa ta Tema da gine-ginen Akra, suna neman lebura ko daga ina ya fito. Zaman lafiyar ɗan Zongo ya rataya a kan aƙidar mutum ɗaya da guguwar gine-gine, babu wata takarda a aljihunsa. Wannan rauni ne babba, kuma ba laifin CIA ba ne. Laifin masu share fagen juyin mulki shi ne sun ture ginshiƙin ba su damu da wanda ke zaune a ƙarƙashinsa ba.

Waɗanda aka fara miƙawa

Farkon waɗanda abin ya ci 'yan Sawaba ne, jam'iyyar Djibo Bakary ta Nijar. Labarinsu ya dace da batun wannan takarda ta fuska biyu, domin gwamnatin Djibo Bakary a Nijar zaɓaɓɓiya ce, kuma Faransa ce ta yi mata zagon ƙasa bayan ya nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Aka haramta jam'iyyar a 1959, Bakary ya yi hijira, daga baya ya zauna a Akra. Gana ta ba mayaƙansa sansanin horo, suka dogara da 'yan ci-ranin Nijar mazauna Zongo wajen masauki da aike da samun sababbin mabiya, kamar yadda Klaas van Walraven ya bi diddigi a tarihin Sawaba da ya wallafa a 2013. Hare-harensu na 1964 sun ci tura, haka ma yunƙurin kashe shugaban Nijar Diori Hamani a filin idi a Afrilu 1965, abin da ya sa Nijar da ƙawayenta suka ƙaurace wa taron ƙolin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Akra a Oktoban shekarar. Da sojoji suka hau, suka rufe sansanonin, suka kori ƙwararrun Sobiyet da na Sin, suka miƙa 'yan Sawaba ga gwamnatin Diori, kamar yadda suka mayar da ɗan gudun hijira S.G. Ikoku Nijeriya aka ɗaure shi. Bakary ya tsira zuwa Gini, inda Nkrumah kansa ya sami mafaka a wurin Sekou Toure.

Abin lura a nan shi ne harshen da sabuwar gwamnati ta fara magana da shi. Baƙon Afirka, wanda jiya ake kira ɗan'uwa, ya koma abin tuhuma, ɗan barandan tsohon shugaba, mai cin arzikin Gana a banza. An fara faɗin haka a kan 'yan siyasa 'yan gudun hijira, amma magana in ta fita daga gidan rediyo ba ta tambayar wanda aka nufa da ita.

Tsuke bakin aljihu

Majalisar sojoji ta NLC, ƙarƙashin Janar Joseph Ankrah, ta sami abin da aka hana Nkrumah. Cikin watanni kaɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba da rance, Amurka ta turo abinci, masu bin bashi suka sassauta wa'adi. Sharuɗɗan su ne waɗanda Nijeriya ta zo ta sani shekara ashirin bayan haka. Aka dakatar da ayyukan gini, aka rufe gonakin gwamnati da dama, aka sa wasu kamfanonin gwamnati a kasuwa, aka sallami dubban ma'aikata. A Yuli 1967 aka karya darajar kuɗin Gana, sidi, da kashi 30 cikin ɗari.

Muna da sa'ar cewa a daidai waɗannan shekaru, daga 1965 zuwa 1968, wani ɗalibin nazarin al'umma daga Ingila, Keith Hart, yana zaune a Nima yana nazarin 'yan ci-ranin Frafra. Daga abin da ya gani a lungunan Nima ne ya fitar da ra'ayin tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, wanda ya gabatar a 1971 aka buga a 1973, yau kuma ma'aikatun tsare-tsare da dama a duniya suna amfani da shi. Abin da ya bayyana shi ne albashin lebura ba ya riƙe gida, don haka kowa yana haɗawa da wata sana'a: dako, gadi, tireda, dillanci, wanki, sayar da abinci, ba da hayar ɗaki. Ga inda nake ganin zaren ya ƙullu. Muddin gwamnati tana ɗaukar ma'aikata, ɗan kudancin Gana da ya yi makaranta bai damu da wanda ke sayar da doya ko albasa ko kayan koli a kasuwa ba. Da aka sallame shi, sai ya waiwayo ya tarar da rumfunan a hannun Bayarabe da Bazabarme da Bahaushe. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa 'yan ƙasa suka matsa, a Disamba 1968 NLC ta yi dokar keɓe ƙananan sana'o'i ga 'yan Gana. A kan zama ɗan ƙasa ma ta yi amai ta lashe: dokarta ta 1967 ta buɗe ƙofa ga wanda aka haifa a ƙasar, gyaran da ta yi kafin ta sauka ya sake rufewa.

Sannan aka yi zaɓen 29 ga Agusta 1969. An haramta CPP, an hana manyanta da yawa tsayawa. Busia, wanda ya dawo daga gudun hijira bayan juyin mulki, sojoji sun ba shi shugabancin cibiyar wayar da kan jama'a, abin da ya ba shi damar zaga ƙasa tun ana hana sauran 'yan siyasa motsi. Afrifa, wanda ya karɓi shugabancin NLC a Afrilu 1969, bai ɓoye inda zuciyarsa take ba. Jam'iyyar Busia ta Progress ta ci kujeru 105 cikin 140.

Kwana goma sha huɗu

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta fitar da umarnin da ake kira Aliens Compliance Order: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya same ta cikin kwana goma sha huɗu ko ya bar ƙasar. Wa'adin ya cika ranar 2 ga Disamba. Wanda ya duba kalandar Musulunci zai ga cewa an ba da umarnin a cikin goman farko na Ramadan 1389, wa'adin kuma ya faɗa a goman ƙarshe. Da azumi a bakinsu suka yi layi a ofisoshin jakadanci, da azumi suka ɗaure kaya.

A takarda umarnin bai kawo sabuwar doka ba, cewa ya yi a bi ta 1963. A aikace kuwa abin da ya nema ba mai yiwuwa ba ne. Ba a samun izinin zama sai da fasfo, fasfo kuma sai ofishin jakadancin ƙasar da aka ce taka ce ya yarda kai nata ne. Wanda kakansa ya taso daga Katsina ko Dosso da ayarin goro tun babu ƙasa mai suna Nijeriya ko Nijar, wace takarda zai nuna? Nijeriya kanta tana cikin yaƙin basasa, wanda bai ƙare ba sai Janairu 1970. Gwamnati ta kafa hujja da rashin aikin yi da fasa-ƙwauri da yawan laifuka. 'Yan sanda suka shiga kasuwanni da unguwannin Zongo suna kame, kuma abin da suke dubawa shi ne suna da tsagar fuska da riga da harshe, don haka har ɗan arewacin Gana da ke Nima sai da ya riƙa kare kansa. Mutane suka sayar da gidaje da rumfuna da motoci a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wasu suka bar wa maƙwabta amana, aka yi cincirindo a iyakar Aflao, aka raba mata 'yan ƙasa da mazajensu. Ƙiyasin waɗanda suka fita ya fara daga 200,000, wasu manazarta suna kai shi fiye da ninki biyu na haka. Abin da ƙidaya ta nuna shi ne a 1970 baƙi sun koma kusan 562,000, kashi 6.6 cikin ɗari. Mafi yawan 'yan Nijeriyar da suka fita Yarabawa ne, 'yan Ogbomosho da Ejigbo da maƙwabtansu, sai Hausawa, ga kuma 'yan Nijar da Togo da Mali da Volta ta Sama, wato Burkina Faso ta yau. Margaret Peil ta rubuta nazari a kan korar tun 1971.

Ba a daɗe ba gwamnati ta fara ja da baya ta sassauta wa leburorin gonakin koko, domin amfani yana lalacewa babu mai cirewa. Amma a 1970 ta ƙara wata dokar da ta tsaurara keɓe kasuwanci ga 'yan ƙasa. Mutumin da shugabannin MAP suka sha kora saboda sun tsaya a sahunsa a 1957, shi ne gwamnatinsa ta yi wa jama'arsu korar da ba a taɓa yi musu irinta ba. Ban san wani abu a tarihin siyasar Zongo da ya kai wannan ciwo ba.

Akwai ƙalubalen da ya kamata in amsa. Mai karatu zai iya cewa korar baƙi ruwan dare ce a Afirka ta Yamma a wancan zamani: an far wa 'yan Dahomey da Togo a Abijan a 1958, Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahomey a ƙarshen 1963, kuma babu CIA a cikin waɗannan. Gaskiya ne, kuma ban ce a Washinton aka rubuta umarnin Busia ba. Ba na kuma iya rantsuwa cewa da Nkrumah ya zauna, da bashin da ke kansa da faɗuwar koko ba su tura shi ga irin wannan ba. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi shi tabbata. Abubuwa uku da suka haɗu suka haifi umarnin, wato zubar da aƙidar haɗin kan Afirka, da sallamar ma'aikata bisa sharuɗɗan masu ba da rance, da zaɓen da aka cire babbar jam'iyyar ƙasar daga cikinsa, dukkansu 'ya'yan 24 ga Fabrairu ne.

Abin da ya rage har yau

Tarihin masu mulki sananne ne, zan bi ta kansa da sauri. An kashe Kotoka a yunƙurin juyin mulki na Afrilu 1967, aka sa wa filin jirgin saman Akra sunansa. Busia ya karya darajar sidi da kashi 44 cikin ɗari a Disamba 1971, Kanar Acheampong ya kifar da shi ranar 13 ga Janairu 1972, wata uku kafin Nkrumah ya rasu a Bukares. A Yuni 1979 aka harbe tsofaffin shugabannin mulkin soja Afrifa da Acheampong da Akuffo. Zaɓaɓɓiyar gwamnatin Hilla Limann ta faɗi a ranar ƙarshe ta 1981. Daga 1966 zuwa 1993 farar hula ba su yi mulkin da ya kai shekara biyar ba in an haɗa duka. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari a Nijeriya ta kori baƙi, ciki har da 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, har jakar da suka zuba kaya ta samo sunan da muke kiranta da shi a kasuwannin Kano. CIA ma ba ta tafi ba: a 1985 aka kama Sharon Scranage, ma'aikaciyar ofishinta na Akra, da laifin ba Michael Soussoudis, ɗan'uwan Rawlings, shugaban ƙasar a lokacin, sunayen 'yan Gana da ke yi wa hukumar aiki.

A Zongo gadon ya fi fitowa a wurare biyu. Na farko akwatin zaɓe. Tun zaɓen 1992, mazaɓar Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, ba ta bar hannun jam'iyyar NDC ba, haka ma Ayawaso ta Arewa da ta ƙunshi Maamobi tun da aka ƙirƙire ta a 2012. Abokiyar hamayyarta, NPP, ta fito ne daga gidan Danquah da Busia, kuma duk kakar zaɓe sai an tuna wa mutane 1969. Jam'iyyar ta san da wannan tabo. Ta kafa reshen Nasara don zawarcin Zongo, ta tsayar da Aliu Mahama sannan Mahamudu Bawumia mataimakan shugaban ƙasa, a 2017 ta kafa ma'aikatar raya Zongo da asusu na musamman. Nana Akufo-Addo, shugaban ƙasar da ya yi wannan, gidansa na kansa a Nima yake, mahaifinsa Edward Akufo-Addo kuma shi ne shugaban ƙasa na jeka-na-yi-ka a jamhuriyar Busia daga 1970. Duk da haka ƙuri'ar unguwar ba ta juya ba. Abin da ke damuna a nan shi ne al'ummar da tsoro ya ɗaure ƙuri'arta ba ta da ƙarfin ciniki: wanda ya tabbata zai samu ba ya wahalar da kansa, wanda ya fid da rai ma haka. Mai shakka ya je ya dubi babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, ya lissafa gwamnatocin da suka yi alkawari a kanta.

Na biyu takarda. Tsarin mulkin 1992 da dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 sun ci gaba da bin jini: sai uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ya kasance ɗan Gana. A 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce, rajistar masu zaɓe ta wannan shekara kuma ta tsaya a kan fasfo ko katin ɗan ƙasa ko shaidar mutum biyu masu rajista. Shugabannin Zongo sun sha kokawa cewa mai suna irin na Hausawa ko Fulani ko Zabarmawa yana shan tambayoyin da ba a yi wa waninsa: ina ne garinku, wace ƙabila ce taka? Idan ya ce Nima, sai a ce ba a nan ake nufi ba. Tun 1969 iyalai da yawa suka koyi jingina kansu ga wata ƙabilar arewacin Gana don a bar su su sha iska, abin da ke nufin ƙidayar 1970 kanta sai an karanta ta da hattara, domin ba duk wanda ya ɓace daga rukunin baƙi ne ya tsallaka iyaka ba.

Wannan ya kawo ni ga giɓin da ke cikin hujjojinmu. Ɓangaren Amurka yana da kundi mai lambar shafi, ɓangaren gwamnatin Gana yana ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Akra, ɓangaren Zongo kuwa yana bakin tsofaffi. Wanda yake da shekara goma sha biyar lokacin korar ya haura saba'in yanzu. Ina kira ga sassan tarihi da na Hausa a jami'o'in Legon da Bayero da Ahmadu Bello da Abdou Moumouni su haɗa hannu a ɗauki muryoyin nan da Hausa da Zabarmanci da Yarabanci, a Nima da Maamobi da Sabon Zongo da Kumasi, da kuma garuruwan da korarrun suka sauka. Tambayoyin da za a yi musu a fili suke: wa ya tafi, wa ya ɓuya, wa ya dawo bayan faɗuwar Busia a 1972, a hannun wa aka bar gida da rumfa, kuma an mayar ko ba a mayar ba.